Snort, Suricata ko Zeek: wanne ya dace da binciken digirin digirgir?

Ɗalibin da ya zaɓi tsaron hanyoyin sadarwar kwamfuta a matsayin fagen bincikensa ba zai daɗe ba sai ya ci karo da waɗannan manhajoji uku na sa ido kan zirga-zirgar bayanai don gano kutse. Duka kyauta ne. Abin da za ka kashe shi ne lokacinka, kuma watannin da suka tafi wajen koyon wadda ba ta dace da tambayarka ba, ba sa dawowa.

Snort ta fi suna. Martin Roesch ne ya rubuta ta a 1998, tun 2013 kuma tana hannun kamfanin Cisco. Tana gwada abin da ke wucewa da alamomin hare-haren da aka riga aka sani, in sun yi daidai ta yi ƙararrawa. Amfaninta gare ka shi ne ta zama ma'aunin da za ka gwada sabuwar dabararka da shi.

Suricata, wadda gidauniyar tsaron bayanai ta OISF ta fitar a 2010, kusan aikinsu ɗaya da Snort, har tana karanta yawancin ƙa'idojin Snort. Tun farko an gina ta ta riƙa raba aiki gida-gida a lokaci guda, shi ya sa take jure cunkoso, kodayake Snort 3 ta 2021 ta rage wannan tazara.

Zeek kuwa daban take, kuma ita nake ba mai bincike shawara ya fara dubawa. Vern Paxson ya soma ta a tsakiyar shekarun 1990, ana kiranta Bro har zuwa 2018. Ba ta tsaya ga ƙararrawa ba, rubuta komai take yi: wa ya tuntuɓi wa, tsawon wane lokaci, bayanai nawa suka wuce. Yanzu da yawancin zirga-zirgar intanet a rufe take da TLS (tsarin ɓoye saƙonni don kada wani ya karanta su a hanya), ba ka iya leƙa cikin saƙo, sai dai ka karanci ɗabi'arsa daga waje, kuma nan ne Zeek ta yi zarra. Masu koyar da na'ura gano hari za su ji daɗinta. Da ita ma aka tace wani sashe na kundin UNSW-NB15, tarin bayanan zirga-zirga da masu bincike ke gwada dabarun gano hari da shi. Sai dai tana da yaren shirye-shirye nata da dole ka zauna ka koya, kuma rajistocinta na cinye ma'ajiya ba kaɗan ba.

In tambayarka ta shafi saurin ganowa da tare hari nan take, ɗauki Suricata. Kowacce ka zaɓa dai, kada ka ɗora ta kan zirga-zirgar mutane ta gaske sai da rubutaccen izini daga masu hanyar da kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka.