Daga Sakkwato zuwa Katsina: jirgin sama ko mota?

Tsakanin filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar III da ke Sakkwato da filin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina bai wuce kilomita 270 ba a miƙe, tazarar da jirgi mai farfela zai cinye cikin kimanin minti 45, har da tashi da sauka. Lissafin gaskiya ne, sai dai ba wannan tafiyar ake sayarwa a wurin yankar tikiti ba, domin kamfanonin jirage sun fi haɗa waɗannan filaye da Abuja maimakon haɗa su da juna. In ba mutum zai ɗauki shatar jirgi ba, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin matafiya, minti 45 ɗin nan ba nasa ba ne.

Mai bi ta Abuja zai yi kusan kilomita 490 zuwa kudu, sannan ya sake yin kusan 450 zuwa arewa, wato ninki uku da ɗoriya na tazarar asali. Kowane zango kimanin awa ɗaya ne a sama, amma zaman jira a Abuja shi ne ke cin wuni. Abin da ya kamata a duba kafin biyan kuɗi shi ne ko tikiti ɗaya ne ya ɗauki zangunan biyu, domin idan kamfanoni biyu ne daban, fasinja zai karɓi kayansa, ya sake bin layin awo, kuma idan jirgin farko ya makara, na biyun ba zai jira shi ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe sararin arewa, irin wannan makara ba baƙon abu ba ne, shi ya sa nake ganin barin ratar awa huɗu tsakanin jiragen biyu bai yi yawa ba.

Mota ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma tana tashi kullum daga tasha. Hanyar Ƙauran Namoda, Zurmi da Jibiya ta fi gajarta, amma matsalar 'yan bindiga ta sa direbobi da dama sun gwammace zagayen Gusau da Funtuwa, wanda ya kai kimanin kilomita 500. Wajibi ne fasinja ya tambayi direba hanyar da zai bi tun kafin ya zauna, kuma ya tashi da sassafe don kada dare ya riske shi a daji.

Ga dattijo ko marar lafiya, zagayen Abuja ya cancanci kuɗinsa, musamman idan aka shirya kwana ɗaya a can. Ɗan kasuwa mai kaya masu nauyi kuwa, mota ta Funtuwa ce ta fi dacewa da shi, domin kuɗin rarar kaya a jirage biyu zai iya cinye ribarsa.