Littattafan ado na Turawa da namu na soyayya: amsa ga Maman Hanifa

Maman Hanifa, kin ce ƙanwarki da ta gama sakandare a Wudil, wadda yanzu take koyon ɗinki, ta shigo gida da littattafan Turanci na mata, irin masu hoton takalmi mai tsini da jakar hannu a bango, waɗanda labarinsu ke gudana a mujallun ado da gidajen zana tufafi. Kika tambaya shin da su da namu na soyayya, da su ma ba sa gajiya da zancen shadda da leshi, abu ɗaya ne, kuma wanne ya kamata ki bar mata. Na karanta na can gwargwadon hali, namu kuwa da su na girma. Ga abin da na gani.

Ta wata fuskar jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Mata ne suka fi rubutawa, mata ke saye, ana cinye su a dare ɗaya ko biyu, kuma duka biyun masana sun daɗe suna yi musu kallon hadarin kaji. Namu bayan sun fara cika kasuwa a shekarun 1980 aka laƙaba musu adabin kasuwar Kano. A 2007, zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau, har tara wasu aka yi aka cinna musu wuta a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Na Turawa ba wanda ya ƙona su, amma can ma abin rage dare ake ɗaukarsu, ba abin kaiwa aji ba. Daga nan kuma sai su raba hanya, domin a nasu kaya wurin aiki ne, a namu kuwa kaya shaida ce ta wa ke sonki da nauyin aljihunsa.

Ɗauki nasu tukuna. Yawanci budurwa ce ta gama jami'a ta nufi Niyok ko Landan da akwati ɗaya, ta samu aiki a wata mujallar ado ko a gidan wani fitaccen mai zana tufafi. Albashin ba ya kai ta ƙarshen wata, gidan haya su biyu ko uku suke rabawa, ga ta kullum cikin mutanen da jakar hannunsu kaɗai ta fi kuɗin hayarta. Sama da ita akwai shugaba, galibi mace, wadda ba ta san sannu ba: a kawo mata kofi, a nemo mata abin da babu, a ɗaga waya ko da ƙarfe biyun dare ne. Shekararsu tana juyawa ne a kan makon nunin kaya da ake yi sau biyu, wajen Fabrairu da Satumba, a fara daga Niyok, a wuce Landan, sai Milan, a rufe da Paris. Wa za a tafi da ita Paris, wa za a bari a ofis, wannan kaɗai ya isa ya riƙe rabin littafi. Wanda ya fi suna a cikinsu, The Devil Wears Prada, ya fito a 2003, aka mayar da shi fim a 2006, kuma abin da ya sa aka yi rububinsa shi ne marubuciyar ta taɓa zama mataimakiyar Anna Wintour, matar da ta karɓi ragamar mujallar Vogue ta Amurka a 1988. Mutane sun saya ne don su leƙa bayan labule, su yi ta cankar wace ce wace. Wato da gulma a cikin daɗin, wannan kuwa ba sai an koya mana ba.

Namu kin san hanyar. Jaruma ba ta zuwa wurin kaya, kaya ne ke zuwa wurinta. Mota ta tsaya a ƙofar gida, a fara sauke akwatuna, marubuciya ta gyara zama ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya: Super Holan turmi kaza, shadda Getzner, leshin Siwis, mayafai, dogayen riguna 'yan Dubai, takalma da jakunkuna kowanne da mahaɗinsa, turaruka, sai ƙaramin akwatin da gwal ke ciki. Dangi na guɗa, 'yar uba na can ƙuryar ɗaki tana cizon yatsa. Inda shugabar ofis take tsaye a nasu, a namu kishiya ce ko uwar miji ke tsaye, filin dagar kuma tsakar gida ne. Akwai namu da jarumarsu likita ce ko 'yar kasuwa, tun shekarun 1990 ana rubuta irinsu, amma ko a cikinsu da wuya ki ga sutura ta zama sana'arta. Ado ne take yi bayan ta fito wanka, don maigida ya shigo ya rasa ta cewa.

A nan ne na saɓa da wasu daga cikinmu da muka tattauna tambayarki. Da kika yi tambayar, da yawa sun ce na Turawan ne za su sa wa yarinya dogon buri. Ni akasin haka nake gani. Idan littafi ya ce jaruma ta sa rigar Chanel ko takalmin Prada, mai karatu a ƙauyenmu ba ta san ko nawa ba ne, ba ta taɓa gani a jikin kowa ba, ba kuma za ta sa ran wani ya kawo mata ba. Sunayen wucewa kawai suke yi, wani lokaci ma su gundure ki, kamar a kai ki kara ranar Juma'a a Wudil a ce ki riƙe sunan kowace saniya. Amma a ce Holan, ko wadda ba ta taɓa taka Kantin Kwari ba ta san ba sa'ar 'yar Chana ba ce. Ta gan ta a jikin matar wani mai hali ranar biki, ta shafa ta, ta ji nauyinta. Alhali ita ma daga Turai take zuwa. Kamfanin Vlisco, wanda ya faro tun 1846, shi ke buga ta a garin Helmond na ƙasar Holan, Getzner kuma daga Bludenz ta Ostiriya take fitowa. Sai dai sun shiga jikinmu har sun zama ma'auni. Yarinyar da ta sha karanta lefen akwati goma sha biyu, ranar da nata ya iso, akwati uku da saurayi ya haɗa bayan ya sayar da shinkafar rani, dole ranta ya ɗan sosu ko da ba ta furta ba. Wata a cikinmu ta ce 'yan mata ba wawaye ba ne, sun san labari daban, rayuwa daban. Gaskiya ne. Kuma ba littafi ne ya ƙirƙiro ɗaga turmi a duba bakin zane ranar ganin lefe ba, a gidajenmu ya tarar da shi. Nasa laifin shi ne ya ƙara gishiri, ya ɗaga ma'aunin inda hannun talaka ba ya kaiwa.

Matsalar nasu a wani wurin take, kuma ba ƙarama ba ce. An rubuta su ne don matan da shan giya bayan tashi daga aiki ba komai ba ne a wurinsu, haka zama gida ɗaya da saurayi ba aure. Littafin ba ya tsayawa ya tallata miki wannan, wucewa yake yi ta kansa a matsayin abin da aka saba, kuma a ganina hakan ya fi tallar saurin shiga rai. Wasu akwai batsa ƙarara, wasu a rufe ƙofa a wuce. Kada dai mu yi saurin wanke namu. Tun da rubutu ya koma cikin waya, akwai waɗanda ake sayarwa ta WhatsApp da suka fi na Turawan rashin kunya, kuma da Hausa ne, babu wata kalmar da za ta ɓace wa yarinya. Hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Kano tana nan tun 2001, amma hannunta bai cika kaiwa cikin waya ba.

Kowanne kuma da irin jikin da yake ɗaukakawa. Nasu rama ce. Za ki ga mace ta wuni ba ta ci abin kirki ba don riga ta shige ta, mai madaidaicin jiki kuma ana yi mata kallon ƙatuwa. Marubutan suna yi wa abin ba'a, amma sau da yawa jarumar tana ragewa a yaba mata. Namu fara ce sol, gashi har gadon baya, hanci har baka, in an bi salsala a ce da jinin Larabawa ko Fulani. Baƙar mace sai dai ta fito a ƙawa ko 'yar aiki. Duk wadda ta san yadda ake cinikin man bilicin gab da biki ta san wanne daga cikin biyun ya fi kusa da fatar yaranmu.

Batun daɗin karatu, ra'ayinmu ya rabu. Malaman makaranta a cikinmu sun fi karkata ga nasu, dalilinsu kuwa dariya ce. Jarumar da bakinta take ba da labari, kuma kanta take fara yi wa tsiya: ta ari riga mai tsada ta zubar mata da kofi, ta gaishe da babban baƙo da sunan da ba nasa ba. Tamu jarumar ba ta cika yin abin kunya ba. An zalunce ta, ta yi haƙuri, ta yi kuka shafi biyar, Allah ya saka mata. Masu son namu kuma suka ce nasu ba su da dangi: uwa murya ce kawai a waya, babu goggo, babu maƙwabta, babu wanda zai shigo ba sallama ya ɓata shiri. Ɗaya ta ce ita ba za ta zubar da hawaye don an hana wata zuwa Paris ba, alhali a namu ana maganar auren dole, saki, maraici da rigimar gado. Ban ga laifinta ba. Nasu dai littafi ɗaya ne a gama, namu sai an bi na ɗaya, na biyu, na uku, yanzu kuma a ba ki rabi kyauta a ce ki biya kafin ki ga sauran. Amma namu ana iya sauraronsu a rediyo ko YouTube hannu na kan ɗinkin hula. Nasu sai mai Turanci mai ƙarfi, don rabin barkwancin a salon maganar yake, kuma sai an shiga birni wurin masu sayar da tsofaffin littattafai.

Tunda ƙanwarki mai keke ce, akwai abin da ya fi damuna da duk waɗannan. Ba wanda ya damu da allura a cikinsu. Nasu suna kallon kaya daga saman bene ne: edita, mai hoto, 'yan matan da ke tafiya a dandamali. Wadda ta ɗinka ba ta fitowa. A 2013 wani gini mai suna Rana Plaza ya rufta a Bangaladesh, mutum sama da 1,100 suka mutu, mafi yawansu masu ɗinka kayan da ake sayarwa a kantunan Turai da Amurka, amma irin wannan ba ya shiga littafin dariya. A namu tela ba ya fitowa sai in za a ce ya saɓa alkawari. Alhali ki shiga ɗakin mai ɗinki a goman ƙarshe na azumi ki gani. Atamfofi sun kai rabin bango, kowace an rubuta sunan mai ita da alli a gefe. Dutsen guga na gawayi yana huci a bakin ƙofa, fitila mai caji ta fara lumshewa, ƙafa na kan keke tun bayan tarawihi. Wata ta aiko yaro karo na uku, wata ta kawo yadi huɗu tana son ɗinkin yadi shida, wata ba ta biya na bara ba amma ita ce kan gaba wajen faɗa. Duk sirrin unguwa a ɗakin nan yake sauka, don mai awo ita ke fara sanin wadda ta rame da wadda ciki ya fito. Ga Kura nan kusa da mu, inda aka daɗe ana rina turkuɗi ana buga shi har ya yi ƙyalli a kai wa Buzaye. Labari ne zube a ƙasa ba mai tsinta.

Duk da haka, a kan sana'a nasu sun ɗara namu. Suna nuna wa yarinya cewa tufafi kasuwa ce mai lokaci, mai suna da ake ginawa, cewa hoto mai kyau yana sayar da riga, cewa wadda ta makara da aiki ta rasa shi. Suna nuna mace tana tashi da safe don aikinta, tana rigima a kan albashi. Kuma abin bai yi nisa kamar yadda ake zato ba, Legas ma tana yin makon nunin kayanta tun 2011.

In ni ce ke, ba zan ƙwace mata ba. Zan ba wata malamar Turanci da na yarda da ita ta duba su, a ware masu batsa, a bar mata biyu ko uku. Sun ishe ta, don bayan na uku maimaici ne, shugabar ce dai ake sauya wa suna. Namu kuwa na takarda ba su ne abin tsoro ba, wayar za ki fi sa wa ido, musamman waɗanda ake biya a saka mutum a rukunin WhatsApp. Idan ta gama ɗaya ki sa ta ba ki labarin kuna tsintar shinkafa, daga inda ta fi daɗewa za ki gane abin da ya kama ta, kayan ne, aikin ne ko saurayin. In kuma kin ga tana da hannun rubutu, BBC Hausa na yin gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata zalla tun 2016, ki ce mata ta gwada da labarin ɗakin da take koyon ɗinki.