Tashin Tsohuwar Akori-kura: Fijo ko Hilux, Gyaran Inji ko Sauya Shi?

Duk wanda ya tsaya a Kwangila ta Zariya da hantsi a lokacin kaka zai ga tsofaffin akori-kura suna wucewa. Wata ta sha buhunan masara daga wajen Giwa, wata rake daga Maƙarfi, wata kuma kwandunan tumatir sun yi mata tsiri. Yawancinsu sun girmi yaran motar da ke maƙale a bayansu. Sabuwa ta fi ƙarfin manomi da ƙaramin ɗan kasuwa, shi ya sa aka koma wa tsofaffin da aka jingine a bayan gida ana neman tashinsu. Na tashi biyu da kuɗin gumina, Fijo 504 ɗaya da Hilux ɗaya, kuma abin da zan faɗa a nan shi ne abin da na so a ce an faɗa mini tun kafin in sa hannu a aljihu.

Kafin ka buɗe bonet, ka shimfiɗa buhu ka kwanta a ƙarƙashin motar. Inji ana gyara shi, ana sauya shi, amma ƙashin mota idan ya ruɓe ko ya karkace, ka sayi wahala. Ka riƙi ƙaramar guduma ka bi dogayen ƙarafan shasi kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai tsami, wanda tsatsa ta cinye kuwa sai ka ji shi dum, wani lokaci har ɓawo ya zubo maka a fuska. Ka duba kunnuwan da sifirin na baya ke rataye, ka duba ƙasan batir inda ruwan batir ke ɗiga, ka ɗaga tabarmar da direba ke taka ƙafa. Motar da ta yi shekaru tana ɗaukar takin zamani, bodinta na baya yakan zama rariya, domin taki yana cin ƙarfe fiye da ruwan sama. Wannan ba abin tsoro ba ne, mai walda zai shimfiɗa sabon faranti. Abin gudu shi ne shasin da ya karye aka ɗinke shi, aka shafe da baƙin fenti. Idan ka ga sabon fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota, ka sa sukundireba ka kankare ka gani.

To wacce za ka saya?

Fijo 'yar gida ce. Tun 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa ta a Kakuri, cikin Kaduna, kuma sai a tsakiyar shekarun 2000 aka daina yin 504. Shekara wajen talatin ke nan kanikawan ƙasar nan suna kwance ta suna ɗaurawa, har ya zama babu garejin da za ka shiga a Sabon Gari ko Tudun Wada ka rasa dattijon da ya haddace cikinta. Tana da laushi a hanyar burji, tana ɗaukar kaya, kuma kuɗin sayenta bai kai na Hilux ba. Babban abin da na fi so a injinta na fetur shi ne laina. Ramukan da fistin ke kai-komo a cikinsu ba a jikin bulok aka huda su ba, bututu ne da ake zarewa a sa sabo. Ke nan injin da ya gaji, idan ya samu sabbin laina da fistin da ringi, kusan sabo ya koma, ba sai an kai bulok an rarake ba. Rauninta biyu ne. Gaban jikinta da ƙashinta a haɗe suke, saboda haka tsatsar gaba ta fi haɗari a wurinta. Na biyu, kayanta na asali suna ƙara wuya. Jabu ya cika kasuwa, na kirki sai an tona a Fanteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, sau da yawa daga jikin wata da aka yanka.

Hilux kuwa jikinta a ɗore yake kan shasi daban, ta fi tsayi daga ƙasa, kuma idan ka dace da mai jan taya huɗu, laka da yashin fadamar Galma ba za su riƙe ka ba. Kayanta suna nan birjik, sabo da na hannu. Ranar da za ka sayar ma, dillalai ne za su bi ka. Amma a nan tsadar take, domin gawarta ma ba a ba da ita da araha. Akwai kuma Nissan, wadda har yanzu tsofaffi ke kira Datsun. Injinta na gas, wato dizal, mai suna TD27 jarumi ne, sai dai kayan jikinta ba su kai na waɗancan biyun yawa a garin nan ba.

Ni dai ga inda na tsaya. Idan zirga-zirgarka daga gona ce zuwa kasuwa a kan kwalta da burji, Shika, Hunƙuyi, Soba, kuma jarinka kaɗan ne, Fijo ta ishe ka. Idan da damina kake kutsawa ƙauyukan da babur ma ke shan wuya, ka ƙara haƙuri ka tara na Hilux.

Batun fetur da gas, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 lissafin ya canza, ba kamar da ba da kowa ke gudun gas saboda tsadarsa. Injin gas na Toyota, wato 2L da 3L da 5L, yana shan mai kaɗan kuma yana da ƙarfin ja. Sai dai ba ya yafe sakaci. Bel ne ke juya masa lokaci, wato shi ke daidaita motsin bawul da na fistin, ana so a sauya shi duk kilomita 100,000, idan ya tsinke mota na tafiya bawul da fistin za su yi karo. Idan ya yi zafi sosai kuma kan silinda yakan tsage. Famfon mansa da nozul suna buƙatar gwani mai na'ura, ba aikin gindin bishiya ba ne. Na fetur irin 22R mai lita 2.4, ko 3Y da 4Y, kafireto ne da fulogi, ko a Maigana ka lalace za ka samu mai taɓa maka. A 22R abu ɗaya za ka saurara: idan an tayar da shi da sanyin safiya ka ji karaf-karaf daga gaba, sarƙar lokaci ce ta saki. Robar da ke tare ta takan karye, sarƙar ta riƙa gugar murfi har ta huda hanyar ruwa, ruwa ya gauraya da baƙin mai.

Sai babbar tambaya: injin da ka tarar a ciki, a gyara shi, ko a sayo ɗan Kwatano, ko a dasa wani iri daban?

Kada ka yanke hukunci kafin a gwada. Ka je da sassafe ba tare da ka sanar ba, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye aibinsa. Hayaƙi shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, ringi ko robar bawul sun gama. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa, ruwa ne ke shiga, gasket ne ko tsagewa. Baƙi kuwa mai ne ya yi yawa, shi ne mafi sauƙi. Ka buɗe murfin baƙin mai, idan ka ga abu kamar kindirmo a jikinsa, ruwa ya shiga. Ka sa a auna ƙarfin matsin kowace silinda da geji. Idan ɗaya ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100, akwai magana.

Lokacin da na sayi Hilux ɗina, bakaniken da nake kai wa aiki, dattijo ne sa'an mahaifina, ya sauke injin ya baje shi a kan kwali. Ya wanke kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, da fetur, ya ja farcen babban yatsansa a kan wuyansa, wurin da ke juyawa a cikin siraran ƙarafan da ake kira metal, ya kama hannuna ya ce in ja nawa. Na ji farcen yana sarƙewa a wasu siraran layuka.

Ya ce, "Malam, ka ji ko? Amma ba a taɓa yankan shi ba. A kai a yanke goma, mu sa metal ɗin goma, zai kai ka shekaru."

Na ce, "Baba, an ce ɗan Kwatano ya fi sauri."

Ya ce, "Ya fi sauri. Amma wannan na ga cikinsa da idona, wancan fa?"

Ban ji maganarsa ba. Na sayo ɗan Kwatano a wurin wani mai shago da garantin mako ɗaya. Kafin a kawo shi, a sayi mazaunin inji da ƙananan kaya, a ɗaura, kwana tara sun shuɗe. Ranar da aka tayar da shi, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe garejin, mai shago kuma ya ce wa'adi ya wuce. Daga ƙarshe tsohon injin nan muka koma muka gyara, shi ne a cikin motar har yau.

Yankan kiranshaf hawa-hawa ne: goma, ashirin, talatin, wato kusan milimita 0.25 da 0.50 da 0.75. Wanda bai wuce ashirin ba, kuma bulok bai tsage ba, gyara ya fi. Ka sayi ringi da metal da gasket da famfon baƙin mai da hannunka, tare da bakanikenka, na asali ko da sun ninka kuɗi. Aikin yanka da rarake ka kai wa mai awo da maikuromita, ba mai awo da ido ba.

Ɗan Kwatano yana da ranarsa, ban hana ba. Idan inji ya buga har sanda ta fasa bulok, ko kiranshaf ya ƙare yanka, babu makawa. Sai dai ka sa a tayar maka da shi a ƙasa ka ji kukansa, a cire kaskon baƙin mai ka ga ko akwai garin ƙarfe, a rubuta a rasit cewa garanti zai fara ne daga ranar da aka ɗaura.

Dashe kuwa, kamar sa injin Toyota a cikin Fijo, ana yi kuma wasu suna tafiya lafiya. Ni ba na ba da shawararsa ga wanda wannan ce motarsa ta farko. Za a yanka mazauni, a ƙirƙiro mahaɗa da giya, a rage ko a ƙara farfela, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa tayoyin baya, a sake wayarin, kuma duk wurin da aka ƙirƙira, mutum ɗaya ne ya san sirrinsa. Ranar da ka lalace a hanyar Birnin Gwari, shi ba ya nan.

Kowace hanya ka bi, ka ware kuɗin lagireto da birki tun farko. Sabon inji da toshasshen lagireto, kwana kaɗan ne ka koma gidan jiya. Kada ka yarda a cire tamostat a jefar da sunan ƙasarmu da zafi. Fenti shi ne ƙarshe, bayan motar ta yi wata biyu tana aiki ka ga inda take ɗiga.

Takardu ma kada ka bari sai an tare ka. Lambar shasi ta dace da abin da ke rubuce, a yi canjin mallaka, idan ka sauya inji ka adana rasit ka je ofishin lasisi a gyara lambar.

Bayan gyara, kilomita 1,000 na farko ka bi ta a hankali, rabin kaya, ban da gudu, ban da jan giya mai nauyi a hawa. Daga nan ka zubar da baƙin mai, ka sauya filta, ka mayar da ita gareji a sake saita bawul a duba ɗaurin notocin kai. Ni tawa buhu shida na riƙa ɗora mata daga Giwa har sati uku, sannan Baba ya saurari injin ya ce a cika ta.