Man shafawa, sabulu ko wayif: wanne za a saya idan fata na bori da sinadaran hana lalacewa

Duk kayan shafar da aka haɗa da ruwa aka ɗura a roba sai an sa masa sinadarin da zai hana ƙwayoyin cuta da fumfuna tsirowa a ciki. In ba don haka ba, loshan ɗin da ya yi wata uku a kan kanta a kasuwar Balogun ko ta Trade Fair, cikin zafi da laimar Legas, da tuni ya yi tsami. Saboda haka mai saye ya daina neman loshan marar sinadari, da wuya a same shi. Abin dubawa shi ne wane sinadari aka sa, kuma tsawon wane lokaci kayan zai zauna a jiki.

Borin da waɗannan sinadarai ke jawowa ba ya fitowa nan take. Mutum na iya shekara yana shafa mai guda lafiya lau, a hankali garkuwar jikinsa ta gane sinadarin ta ɗauke shi abokin gaba. Daga ranar, duk sanda ya taɓa fata, ƙaiƙayi da ƙuraje su taso bayan kwana ɗaya zuwa uku. Wannan jinkirin ne ke sa a ɗora wa abinci laifi, ko ruwan rijiyar burtsatse, ko a ce ƙurajen zafi ne. A baƙar fata jan ba ya nunawa sosai: wurin yakan yi duhu, ya yi ƙananan ƙuraje masu ruwa, in an daɗe ana susa ya yi kauri kamar ƙirgi, bayan ya warke kuma ya bar baƙin tabo na watanni. Fatar ido, wuya, hammata da tsakanin yatsu su ke fara nunawa. Da zarar jiki ya kama, yawanci ya kama ke nan har abada, maganinsa nisanta.

A juya robar a karanta bayanta. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka sinadaran hana lalacewa suna can wajen ƙarshe, da ƙananan haruffa. A ɗauki hoton wurin da waya a faɗaɗa.

Sunan da ya fi cancanta a haddace shi ne methylisothiazolinone, da ɗan'uwansa methylchloroisothiazolinone. Ana taƙaita su da MI da MCI, kuma sau da yawa tare suke zuwa, kashi uku na MCI da kashi ɗaya na MI. Suna da arha, kaɗan daga cikinsu na tsare roba guda, shi ya sa kamfanoni suka yi rububinsu lokacin da mutane suka fara gudun paraben, wani sinadarin hana lalacewa da aka daɗe ana amfani da shi. Sakamakon bai yi kyau ba. A 2013 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin irin wannan bori ta ayyana MI a matsayin sinadarin alaji na shekarar. Tarayyar Turai ta hana shi a kayan da ake shafawa a bari a jiki tun 2017, sannan daga 2018 ta rage abin da aka yarda a sa a kayan da ake wankewa, irin su shamfu, daga kashi 100 cikin miliyan zuwa 15. Kayan da ke shigowa Legas ba duka daga Turai suke ba, don haka loshan ko wayif (jiƙaƙƙen tishun goge jiki) mai MI na iya zuwa hannun mai saye. A ganinmu, in an ga sunan da ya ƙare da isothiazolinone a man shafawa, ko hodar ruwa, ko wayif na jarirai, a mayar kan kanta, ko da fatar mutum ba ta taɓa bori ba. A shamfu da sabulun ruwa haɗarin ya ragu ga wanda bai kamu ba, amma wanda ya riga ya kamu ko su bai kamata ya taɓa ba. Dangin nan suna cikin sabulun wanke-wanke na ruwa da fentin bango mai ruwa ma. Mai fenti, ko iyalin da suka tare a ɗakin da aka gama shafe shi jiya, na iya ganin fuska da fatar ido sun kumbura alhali ba su taɓa bangon ba, domin sinadarin na tashi cikin iska har makonni.

Rukuni na biyu su ne masu sakin formaldehyde, wani sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta, a hankali: DMDM hydantoin, imidazolidinyl urea, diazolidinyl urea, quaternium-15 da bronopol. Sau da yawa ba za a ga an rubuta formaldehyde a robar ba, waɗannan sunaye kawai za a gani. Zafi da daɗewa na ƙara yawan abin da suke saki, wato robar da ta sha rana a kan tebur a bakin titin Agege ba daidai take da wadda ke shago mai sanyi ba, ko da kamfani ɗaya ya yi su. Wanda gwaji ya nuna yana bori da formaldehyde ya kauce wa dukkansu.

Abin da zai ba mutane mamaki shi ne paraben. An yi ta ɓata masa suna har "paraben free", wato babu paraben a ciki, ta zama abin talla a gaban roba, alhali ta fuskar alaji yana cikin mafi sauƙi. Ƙungiyar nan ta Amurka ma a 2019 ta ware shi a matsayin wanda ba kasafai yake jawo bori ba. Inda yake yin illa shi ne fatar da ta riga ta fashe, kamar gyambon ƙafa. Tsakanin loshan mai methylparaben da wanda aka rubuta wa "paraben free" amma aka cusa masa MI, na farkon ya fi. Phenoxyethanol, wanda ba a wuce kashi 1 cikin 100 da shi a dokar Turai, shi ma da wuya ya jawo alaji. Sodium benzoate da potassium sorbate kan sa ɗan raɗaɗi ko ja na mintuna ga wasu, ya wuce da kansa.

Ga wanda fatarsa ke cikin bori yanzu, zaɓi mafi tsira shi ne abin da babu ruwa a cikinsa kwata-kwata, tunda ba ya buƙatar mai tsaro. Farin basilin marar turare ne kan gaba. Sai man kaɗanya, wanda Yarabawa ke kira ori, muddin tsantsa ne ba wanda aka buga da turare da wasu mayuka ba. Mai ƙauri ko ɗigon fumfuna a bar wa mai shi. Illarsu a Legas ita ce nauyi: a lafta da yawa da rana, gumi ya toshe, ƙurajen zafi su biyo. A shafa kaɗan bayan wanka, jiki da sauran danshi, kuma kada a tsoma jiƙaƙƙen yatsa cikin gwangwanin.

Haka lissafin yake a sauran kaya. Sabulun dunƙule ya fi na ruwa ƙarancin irin waɗannan sinadarai, sai dai yana busar da fata, sabulun salo ma haka, kuma turaren da ke cikin sabulu babban mai jawo alaji ne shi kansa. Ga jariri, auduga da ruwan ɗumi sun fi wayif a gida. A bar wayif don hanya, a zaɓi marar ƙamshi, domin abin da ya bari yana zama ƙarƙashin famfas cikin ɗumi da laima, fata ta fi tsotsa.

Man haɗi na bilicin da ake sayarwa a roba marar rubutu, ko aka manna masa "organic" kawai, ba shi da gurbi a wannan kwatanci, don babu abin karantawa. Sau da yawa akan zuba masa maganin sitiroyid mai ƙarfi irin clobetasol, wanda ke danne ƙaiƙayin har a zaci an dace, sai an daina shafawa fata ta ɓarke. Lambar NAFDAC na nuna an yi wa kaya rajista, ba ta nufin jikin kowa zai karɓa. Baƙin lallen da ke kama hannu cikin minti kaɗan kuwa yawanci PPD ne a ciki, sinadarin rinin gashi. Amaryar da ya taɓa ƙona wa hannu ta kiyayi dayis ɗin gashi, abu ɗaya ne.

Kafin a sayi babbar roba, a sayi ƙarama a gwada. A shafa ɗan kaɗan a lanƙwasar hannu ta ciki, wuri guda, safe da yamma, na kwana 7 zuwa 14, kada a haɗa da wani sabon mai a lokacin. In ƙaiƙayi ko ƙuraje sun fito, a tsaya. Ba a yin wannan da shamfu ko sabulu a bar su a jiki, don za su ci fatar kowa.

Idan borin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a nemi likitan fata. Asibitocin koyarwa na LUTH da LASUTH suna da su. A tambayi gwajin filasta: ana manna sinadarai iri-iri a gadon baya na awa 48, a cire a duba, a sake dubawa kwana ɗaya ko biyu bayan nan. Dole bayan ya zauna a bushe, don haka mai dako a kasuwar Mile 12 ko ɗan acaba ya shirya hutun kwanakin, gumi na ɓalle filastar. A tafi da duk robobin da ake amfani da su a gida, har da na wanke-wanke da na mai ɗakin, kuma a gaya wa likita duk wani sitiroyid da ake sha ko shafawa, domin yana iya ɓoye sakamakon.