Manhajar NIOSH SLM: ta isa hujjar kai ƙarar mai damun unguwa da ƙara?

Janaretan maƙwabci, injin markaɗe ko lasifikar gidan biki, duk wanda ya hana ka barci, in ka je gaban hukuma da "wallahi ƙarar ta yi yawa" kawai, da wuya a saurare ka. Lamba ake so. Nan ne amfanin wannan manhaja ta auna ƙarfin sauti, wadda NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta fitar a 2017, kuma kyauta ce.

Babban aibinta shi ne a na'urorin Apple irin su iPhone kaɗai take aiki. Makirfon wayoyin Android ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, shi ya sa ba a yi musu ba. Mai Tecno ko Infinix sai dai ya ari wayar wani.

Wajen awo, a cire rigar wayar, a kashe fanka da talabijin, a tsaya cikin ɗakin da ake kwana, a miƙa hannu makirfon na fuskantar taga. A bar ta minti 10 zuwa 15. Lambar LAeq za a rubuta, wato matsakaicin ƙarar, ba mafi girma ba, don hon ɗin babur ɗaya ya isa ya ɗaga lamba mafi girman. A sake aunawa bayan an kashe injin. Tazarar da ke tsakani ita ce hujjar. Ƙarin desibel 10 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) a kunne kamar ninki biyu ne.

Ƙa'idojin 2009 na NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta Najeriya, sun sa wa gidajen zama desibel 50 da rana, 35 da dare, daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe. Sai dai a ƙasa-ƙasa irin 35 makirfon waya ba abin dogaro ba ne sosai, kuma dama don wuraren aiki aka ƙera manhajar.

Sakamakon waya ba ya maye gurbin awon jami'ai, amma yana sa su taso. A fara da maƙwabcin, sannan mai unguwa. In abin ya faskara, a rubuta takardar koke zuwa hukumar muhalli: AEPB a Abuja, KEPA a Kaduna, ko ofishin NESREA na jiha. A haɗa awon dare biyar ko bakwai da kwanan wata da adireshi. A kai kwafi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa. A kuma rubuta sa'ar da ake kunna injin ƙarara, in ba haka ba jami'i zai zo da hantsi ya tarar da unguwa tsit.