Strava: Manhajar Gudu ta Mayun Alƙaluma

A da, wanda ke kwana gaban kwamfuta yana rubuta manhaja ko buga wasan bidiyo ba shi ake tsammanin gani yana sassarfa da asuba ba. Yanzu kuwa irin waɗannan mutane sun cika fagen gudu, kuma Strava na cikin abubuwan da suka jawo su. Mark Gainey da Michael Horvath, waɗanda suka yi wasan tuƙa kwale-kwale tare a Jami'ar Harvard, su ne suka kafa ta a 2009. Masu tseren keke ne suka fara rungumarta, daga baya masu gudu suka biyo.

Aikinta na asali ba shi da wuyar fahimta. Tana amfani da GPS na waya, ko na agogo irin su Garmin da Apple Watch, ta zana hanyar da aka bi, ta faɗi nisa, da mintocin da kowace kilomita ta ci, da tudun da aka hau, har da bugun zuciya idan akwai na'urar auna shi. Wannan duk manhajoji da yawa suna yi.

Inda ta yi zarra shi ne yadda ta mayar da titi filin wasa. Ana iya yanke wani yanki na hanya, ko da hawan tudu ne, a sa masa suna, daga nan duk wanda ya bi wurin sai a jera lokacinsa a allon gasa, wanda ya fi sauri ya samu kambi. A 2020 aka ƙara wata lamba ga wanda ya fi kowa yawan maimaita yanki ɗaya cikin kwana 90, abin da ya ba marasa sauri masu naci nasu rabon, kuma a ganina wannan ce dabararta mafi kyau. Wanda ya saba tara maki a wasan bidiyo zai gane tsarin nan take. Mai son tono kuma yana iya sauke bayanansa a fayil na GPX, wato fayil mai ɗauke da bayanan GPS, ya yi ta juya su yadda ya so. Akwai ma masu tsara hanyar gudunsu domin ta fito da hoton dabba a taswira.

Sai dai tun watan Mayu na 2020 cikakken allon gasar ya koma hannun masu biyan kuɗi, mai amfani da ita kyauta goman farko kawai yake gani. Allon kansa bai tsira daga kurakuran GPS a tsakanin dogayen gine-gine ba, balle mutanen da ke mantawa su shiga mota manhajar tana kunne.

Batun sirri ya fi wannan nauyi. A watan Janairun 2018 aka gano cewa taswirar da ke nuna hanyoyin masu amfani da ita ta fallasa fasalin sansanonin soja a Afganistan da Siriya, saboda sojoji suna motsa jiki da na'urorinsu a kunne. Don haka kafin gudun farko ya kamata mutum ya shiga saituna ya ɓoye farko da ƙarshen hanyarsa, ya kuma taƙaita waɗanda za su ga ayyukansa zuwa mabiyan da ya amince da su.