Fayiloli ɗari biyar a folda ɗaya: wace hanya ta fi dacewa da loda su gaba ɗaya?

A ce kana tattara rahoton wata-wata daga ƙananan hukumomi 44 na jihar Kano. Kafin shekara ta zagayo kana da fayil 528 na CSV, wato tebur da aka ajiye a matsayin rubutu zalla, kuma ba wanda zai zauna yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Hanyoyin loda su a tashi guda suna da yawa, akasarinsu kyauta ne, kuma masu tallata kowace sun fi yin magana a kan gudu. Amma abin da ya kamata ka fara dubawa shi ne yadda hanyar ke yi idan ta tarar fayil na 217 bai yi kama da sauran ba. Wata za ta tsaya ta yi ƙorafi, wata ta cike giɓi, wata kuma ta lalata maka bayanai ba tare da ta ce uffan ba.

Hanyar da ba ta bukatar sauke komai ita ce ta R tsurarsa, wato manhajar nazarin bayanai ta R ba tare da ƙarin kunshi ba. Ka tara sunayen fayilolin da list.files, ka karanta kowanne da read.csv ta hanyar lapply, sannan ka liƙa su da rbind. Wurare biyu ake yawan tuntuɓe. Idan ka manta full.names=TRUE, sunan fayil kawai za ka samu ba tare da adireshin foldarsa ba, sai R ya ce bai ga fayil ɗin ba. Na biyu, rbind ba ya yafiya: ginshiƙi ɗaya ya ƙaru ko sunansa ya sauya, aiki ya tsaya cak. Wannan taurin kan yana da amfani, domin yana tona asirin fayil ɗin da ya bambanta, sai dai hanyar tana jan ƙafa idan fayilolin sun yi nauyi. Ga ƙananan fayiloli ashirin ko talatin ta wadatar. Abin da ba a so shi ne amfani da assign a ba kowane fayil sunansa daban. Za ka wayi gari da tebur 528 a warwatse, kowane gyara sai ka maimaita shi sau 528.

Kunshin data.table na Matt Dowle shi ne zaɓin da ya fi dacewa da yawancin masu aiki da R. Aikin fread yana rarraba karatun a kan ƙwaƙwalen kwamfuta da dama, kuma da kansa yake gane abin da aka raba ginshiƙai da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai haɗa bayanan Najeriya da na Nijar. Excel da aka saita da Faransanci yana raba ginshiƙai da waƙafi mai ruwa, yana rubuta 12,5 a inda na Ingilishi zai rubuta 12.5. Idan ka ba read.csv irin wannan fayil, ko dai ya dunƙule layin ya zama ginshiƙi guda ko ya yanka shi a inda bai kamata ba, read.csv2 aka tanada dominsa. Wajen haɗawa, rbindlist yana da maɓallai uku da ya kamata ka sani: use.names=TRUE domin a jera ginshiƙai bisa suna ba bisa matsayi ba, idcol domin kowane layi ya ɗauki sunan fayil ɗin da ya fito, da fill=TRUE da ke cike giɓi da NA, alamar babu komai a R. Na ƙarshen nan a yi hattara da shi. Idan wani ma'aikaci ya rubuta "Shekaru" wani ya rubuta "shekaru", za ka samu ginshiƙi biyu, kowanne rabinsa babu komai, kuma babu gargaɗi.

Masu bin tidyverse, wani rukunin kunshin R, sun samu sauƙi tun 2021, lokacin da readr 2.0 ya ba read_csv damar karɓar jerin fayiloli kai tsaye, tare da id da ke ajiye sunan kowanne. Layi ɗaya ne, amma da sharaɗi: adadin ginshiƙan ya zama ɗaya a duk fayilolin. In sun saɓa, sai ka koma karanta su da map na purrr ka haɗa da list_rbind. A nan idan ginshiƙi ya zo a matsayin lamba a fayil guda, rubutu a wani, haɗin zai ƙi yiwuwa, ya faɗa maka wane ginshiƙi ne. Yana da ban haushi, amma ya fi shiru alheri.

Maganar lamba da rubutu ita ce inda aka fi asara, ko wace hanya ka ɗauka. Lambar waya mai farawa da 0803 idan aka karanta ta a matsayin adadi, sifirin gaba ya tafi, haka read.csv yake yi, haka pandas, kunshin aiki da tebur a manhajar Python, haka ma fread sai in ka kunna keepLeadingZeros. Shi readr yakan bar irin wannan ginshiƙi a matsayin rubutu. Kuma ko an rubuta lambar da 234 a gaba ko ba a rubuta ba, ta haura 2,147,483,647, iyakar da R ke iya riƙewa a cikakken adadi na yau da kullum, sai fread ya mayar da ita integer64, wanda ke bukatar kunshin bit64 kafin ya nuna daidai. Maganin ɗaya ne: kada ka bar manhaja ta yi hasashe a kowane fayil. Ka faɗa mata nau'in ginshiƙan tun farko, da colClasses ko col_types a R, da dtype a pandas. Fayilolin da ba ka yarda da su ba, karanta komai a matsayin rubutu, ka haɗa, sannan ka sauya nau'i sau ɗaya.

A Python, glob ke tara sunaye, pandas ya karanta, concat ya haɗa. Ka tara teburan a jeri ka kira concat sau ɗaya a ƙarshe. Kiransa a kowane zagaye yana sake kwafe duk abin da aka tara, aiki ya yi ta nauyi. Tsohuwar hanyar append an cire ta a pandas 2.0 a 2023, don haka tsofaffin darussa da yawa ba sa aiki yanzu. Kuma glob ba ya alkawarin jera sunaye, sai ka jera da kanka. Ko ka jera ɗin, "wata10" zai riga "wata2" zuwa, shi ya sa ake rubuta 01, 02.

Duk waɗannan suna zuba bayanan ne a RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai gigabait 8 za ta fara nishi tun kafin fayilolin su kai wannan girman, domin lokacin haɗawa akwai gutsattsarin kuma akwai haɗaɗɗen tebur a lokaci guda. A nan rumbun bayanai na DuckDB ke shigowa, wanda aka ƙirƙira a cibiyar CWI ta Amsterdam, sigarsa ta 1.0 ta fito a 2024. Kana ba shi adireshin folda da alamar tauraro, ka sa union_by_name da filename, ka yi tambayarka da SQL, harshen tambayar rumbun bayanai, daga cikin R ko Python, sakamakon kawai ya dawo maka. Idan fayilolin nan za ka riƙa komawa kansu kowane mako, mayar da su Parquet, wani tsarin ajiye tebur, sau ɗaya: ya fi CSV ƙanƙanta, yana riƙe nau'in kowane ginshiƙi, kuma open_dataset na arrow yana karanta ginshiƙan da ka nema kaɗai.

Manhajar ƙididdiga ta Stata ta kuɗi ce, kuma ba a sayenta saboda wannan aikin kaɗai. Wanda ofishinsa ya riga ya biya lasisi zai yi da foreach, import delimited da append. Ya guji ƙara force a kan append don kawai kuskure ya ɓace, domin inda rubutu ya ci karo da lamba, abin da ke cikin fayil ɗin da ake ƙarawa zai koma fanko. Fayilolin Stata da SPSS kuwa kunshin haven yana karanta su a R.

Sauran abu biyu ƙanana. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ ba sa tsira sai an ajiye fayil da tsarin haruffa irin UTF-8. CSV na gama-gari a Excel yakan mayar da su alamar tambaya, kuma ba manhajar da za ta dawo da su. Idan fayilolin na xlsx ne, rufe Excel kafin ka fara, domin yana ajiye ɓoyayyen fayil mai farawa da ~$ a foldar, wanda zai iya faɗawa cikin jerinka ya tsayar da readxl. Bayan an haɗa, ƙirga layuka bisa sunan fayil: ya kamata ka ga suna 528, kuma duk wanda layukansa suka yi kaɗan fiye da na maƙwabtansa, buɗe shi ka duba da ido.